Ƙwayar da Bawa Ke Miƙo Mata

"Malama Turai, babu alamar maganinmu a jininki," in ji likitar da ke gwajin sabon maganin ciwon suga a Talata Mafara. "Dole mu cire ki daga gwajin."

Turai ta rantse ba ta taɓa fashi ba. Mijinta Bawa ke ajiye kwalbar maganin, kullum da safe shi ke miƙo mata ƙwaya ɗaya. Ta kwance ta yau daga bakin mayafinta.

Likita ta duba. "Wannan ta ciwon kai ce."

Bawa, da ke tsaye bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Wata uku ke nan mahaifiyarsa ta miƙe daga jinyar suga a Bakura, ana ta cewa albarkar zogale ce. Turai ke dafa mata zogalen.