Tandun Inna Kubura

Tun da aka wajabta gwajin ido duk shekara, Inna Kubura ba ta yarda da shi ba. A ce ƙwayar halitta ɗaya tak, da aka lakato a gefen ido, ita za ta faɗi wanda zai makance? Ita dai gani take da wata a ƙasa.

Ranar karɓar sakamako, ma'aikaciyar asibitin ta daɗe tana kallon na'ura.

"Inna, kin sa kwalli ranar gwajin?"

"Da ido fari fat zan fito, kamar mai jinya?"

"Idonki lafiya lau. Amma ƙwayoyin halitta biyu muka samu, ɗayar ba taki ba ce. Mai ita za ta makance cikin shekara uku, in ba a fara magani ba. Da wa kuke haɗa tandun kwalli?"

Kubura ta dube ta sama da ƙasa. Wato suna suke nema. Wanda aka rubuta sunansa kuwa, ba a ƙara ɗaukarsa aiki.

"Ni kaɗai," ta ce.

A gida ta tarar da 'yarta Rumasa'u ta sha kwalli raɗau, tana ta ƙoƙarin zura zare a allura, yana kucewa.