Ɗaki a Bakin Ƙofar Ɗan Majalisa

Wani ɗan majalisa a garin Kitale na ƙasar Kenya ya ƙi goyon bayan dokar halatta gini da tubalin ƙasa, wai ko akuya ta jingina zai rushe. Mama Nekesa, shugabar ƙungiyar magina gidajen talakawa, ba ta son doguwar magana. Ranar ƙuri'a kan dokar, kafin hantsi, mutanenta sun tsayar masa da ɗakin tubalin ƙasa a ƙofar gida.

Ya fito da tumbinsa, ya bangaji bangon sau da dama, bangon bai ko motsa ba, ya yi dariya. "Mama, na yarda. Ku kawar da shi motata ta fita, kar a yi ƙuri'ar ba ni."

Sai lokacin ta lura sun toshe masa hanya.

"Ranka ya daɗe, wannan ko jikokinka ba sa kawar da shi. Ka taɓa hawa acaɓa?"