Kada Ki Motsa

"Kada ki motsa, sarauniyar mutsu-mutsu," in ji mijina. "Hoton dare sai da haƙuri. Wanda ya motsa, shafewa yake yi."

Na jingina da ɗaya daga cikin dogayen duwatsun da mutanen zamanin baya suka kakkafa a wani fili mai nisa da gari. A sama ga tauraruwa mai wutsiya, wadda ya daɗe yana zumuɗin ɗauka. Na dube ta, ban ji komai ba. Tun da muka binne ɗanmu haka nake. Na riga na haɗa kayana a ɓoye. Gobe in ya tafi aiki zan bar gidan.

Kyamarar ta yi ƙas. Ya miƙo mini ita.

Fuskata ce ta cika hoton. Babu dutse, babu sama.

"Malam, duk wannan tafiyar, ka manta da tauraruwar?"

Ya sunkuya yana naɗe ƙafafun kyamarar, bai dube ni ba.

"Ita an ce za ta dawo, ko da bayan ranmu ne," ya ce. "Ke kuwa, ko hotonki ɗaya ba ki bar mini a bango ba."