Taron da Mati Ya Hana Zuwa

Mati direban bas ne a tashar Tsanyawa. Kullum da sassafe yakan ɗauki mata masu kai kayan miya cikin birni, ya sauke su a bakin wata kasuwa. Ya daɗe a kan hanyar, don haka direbobin tashar ba sa tsallake maganarsa.

Wata rana wata ma'aikaciya mai suna Nazira ta zo tashar. Ta ce za a ware wa manyan bas-bas layinsu daban a titin shiga birni, don a rage cunkoso. Ana so direbobin karkara su zo taro su faɗi inda suke sauke fasinja, a yi musu wurin tsayawa da gadar tsallakawa.

Mati ya dube ta sama da ƙasa. "Hajiya, yaushe aka fara neman shawararmu?"

"Malam Mati, ku kuka san hanyar nan. In ba ku faɗa ba, ba za mu sani ba."

Tana tafiya ya tara direbobi. "So suke su san inda muke tsayawa, su kore mu daga titi. Kada wanda ya je."

Wani direba, Shafi'i, ya ce, "Mu je mu ji mana. Jin ai ba zai cuce mu ba."

Mati ya kafe shi da ido. "Ko kun riga kun gama magana da ita ne?"

Ranar taron ta zo. Ba wanda ya je.

Aka gama aikin. Direbobin garuruwan da suka halarci taron an yi musu wurin tsayawa. A bakin kasuwar su Mati kuwa babu komai, sai layin bas ya ratsa ta gabanta. Dole suka koma sauke mutane a tsallaken titi.

Ranar nan Mati ya ɗauko yayarsa Tani, wadda ta raine shi, da tumatirin da ta saro a Watari. Da suka iso tsallaken kasuwar, ya ɗora mata kwando a ka, ta shiga titi. Kwandon ya tare mata gani, ga babbar bas ta taho a layinta. Yana tsaye, a kan idonsa ta buge ta.

Tani ta rayu, amma ba ta sake taka ƙafarta ba. Da aka dawo da ita gida, ta kira shi gefen tabarmarta.

"Mati, wai da gaske an tambaye ku inda muke sauka?"

Ya sunkuyar da kai. "An tambaye mu, Yaya."

Ta juyar da fuskarta bango.

Mai karatu, idan aka kira ka shawara kan aikin da ya shafi garinku, ka je ka ji, ka yi tambaya, ka faɗi buƙatarka. Zargin da ba bincike a cikinsa kai yake cutarwa, da waɗanda suka dogara da kai.