Ƙwayar Bayan Kunne

Tunda aka fara dasa wa matan da al'adarsu ta ɗauke wata ƙwaya a bayan kunne, zufar dare ta ƙare a unguwar. Iya Dudu ta raka matar ɗanta Ladidi asibiti, ita ma ta miƙa nata kunnen.

Likita Sallau ya ce, "Iya, kin makara. Ƙwayar ba ta karɓar wadda ta haura shekara goma da ɗaukewar al'ada."

"Ba kai na zo wa ina jiƙa zani uku da zufa ba? Ka ce girma ne, in yi haƙuri!"

"Lokacin ba a koya mana ba."

Ladidi ta fito kunne na ƙyalli. "Iya, yau kam zan yi barci."

"Yi abinki, 'yar nan. Da asuba akwai daka."