Ruwan Wankan Yaya Sani

Baba ne ke wanke mamata a unguwarmu a Daura. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba aka aiko cewa jirgin yaƙin da Yaya Sani ke koyon tuƙawa ya faɗi. Baba da kansa ya ɗumama ruwa, ya zuba ganyen magarya.

Bayan azahar sojoji suka sauke akwati a zaure, an buge shi da ƙusoshi.

Babbansu ya ce, "Malam, a yi haƙuri, kada a buɗe."

Baba ya daɗe yana shafa murfin, sannan ya miƙo mini ƙwaryar ruwan. "Auta, je ka zubar. Ya huce."

Na halarci jana'iza a Alƙahira da Istanbul da Landan, ko'ina akan sallami mamaci da hannu. Yayana kaɗai na sani da ya tafi ba wanda ya taɓa shi.