Kek Mai Gishiri

Na ture gwangwanin sukari gefe, na zabga gishiri a ƙullun kek ɗin ayaba. Da gangan na yi.

Maigidana ba ya shan zaƙi, ko a shayi ba ya sa sukari. Amma kwanan nan kullum sai ya ce, "Ɗan naɗe min yanka biyu, zan ci a ofis." Yau na kwakwa, gobe na abarba, jibi mai cakulan. Da yamma robar da na saka masa kek ɗin ta dawo a wanke tas, tana ƙanshin sabulun da ba namu ba. Mutumin da ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Ko wace ce yake kai wa kek ɗin, yau za ta ɗanɗana kuɗarta.

Da ya dawo na tare shi a falo. "Ya kek ɗin yau?"

"Ai hannunki babu na biyunsa," in ji shi, ko ido bai ƙifta ba.

Zan fara masifa ke nan wayata ta yi ƙara. Mahaifiyata ce, wadda likita ya hana shan zaƙi, ni kuma da hannuna na kwashe duk sukarin gidanta.

Ko gaisuwata ba ta amsa ba. "Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi? Kek ɗin yau gishiri ne zalla! Ina fama da ciwon suga, kuma ki ƙara min hawan jini?"

Na waiga. Maigida har ya kai ƙofa, takalmansa a hannu.